Yadda Aka Kusa Kashe Auta da Ladabi

Ƙanena ne kaɗai mutumin da na sani wanda ladabin iyalinsa ya kusa kaiwa kushewa. A kasuwa Mai Siminti suke ce masa, a gida Baba, ma'aikatansa kuwa Maigida, har da rusunawa. Ni Auta nake ce masa, domin ni na goya shi, ni na wanke masa kashi, kuma duk wanda ka taɓa wanke wa kashi ba ya yi maka kwarjini ko da ya gina bene.

Da dako ya fara. Yana saurayi a layin masu kayan gini, buhun siminti ɗaya a ka, ɗaya a hammata, ya bi katakon da aka jingina da babbar mota ya haye yana waƙa. Da yamma ya dawo gida fari fat kamar aljani, har gashin ido, ya cinye abincinsa ya leƙa kwanona. Daga dako ya sami baro, daga baro ya kama rumfa, daga rumfa ya buɗe shago, yau shagunansa sun ci rabin layin. Ba wanda ya ba shi, guminsa ne. Wannan kam ko ni da ba na yabon mutum sai ya mutu, na yarda.

Matsalar ta fara ne ranar da ya zama babban mutum. Tun daga lokacin ba a sake barinsa ya ɗauki ko allura ba. Kafin ya fito daga mota direba ya karɓe jaka. In bironsa ya faɗi a shago, sai ka ji ƙarar kawunan ma'aikata suna karo a ƙarƙashin tebur. A ɗaukar masa buta, a juya masa takalmi, a buɗe masa ƙofa. Matarsa, wadda nake kira Hajiya Sannu, baiwar Allah ce, ba ta da mugunta ko ta ƙwayar zarra, amma in ya yi atishawa sannu, in ya yi hamma sannu, in ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ta riga shi. Da idona na taɓa ganinta ta kara masa waya a kunne yana magana, hannuwansa biyu suna kwance a kan tumbi suna hutawa. Babban ɗansu, Manaja, wanda ke kula da shagunan, ya gaji uwarsa tsaf, sai dai shi ya ƙara da sayayya. Duk abin da zai rage wa Baba motsi, Manaja ya san inda ake sayar da shi.

Shi kuwa jiki, abin da ka daina amfani da shi, Mai shi yakan karɓe abinsa. Tumbi ya iso, cinyoyi suka yi sallama. Da farko Auta yana dafa bango in zai tashi daga sujada. Sai ya koma dafa kafaɗar na kusa da shi. Daga nan Manaja ya sayo kujerar roba, direba na bin sa da ita masallaci, ya ajiye masa a ƙarshen sahu kusa da tsofaffin da suka girme ni.

Wata rana ya zo gaishe ni, ya sallami direba, ya zauna yana kallon tabarmata kamar mayunwaci yana kallon tukunya.

Na ce, “Auta, ko ka ga kuɗi ne a ƙasa?”

Ya ce, “Yaya, rabon goshina da ƙasa har na manta. Ina tsoron in mutu a kan kujera ina yi wa Ubangiji sallah da ka, kamar mai gyangyaɗi.”

Na so in yi masa tsiya, amma na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na haƙura na ajiye tsiyar zuwa gaba. Abin da yake so ke nan a duniya: ya sauka ƙasa ya tashi da kansa, ba hannun kowa a hammatarsa.

Likita ya tura shi wurin mai gashin ƙashi, wata doguwar mata da ba ta ɓata magana. Hajiya Sannu da Manaja suka raka shi, na bi su, don ba a zuwa asibiti ban da ni, ina son kallon jama'a. Ta shimfiɗa tabarmar roba ta ce ya sauka. Aka taru aka sauke shi kamar ana sauke firji daga mota. Ta ce to ya tashi. Kafin ta rufe baki Hajiya Sannu ta kama hannun dama, Manaja ya kama na hagu.

Ta ce, “Ku sake shi.”

Suka kalle ta kamar ta ce a yanka shi.

Ta duba gwiwa, ta duba ƙugu, ta ce ƙasusuwansa lafiya lau, naman jikin ne ya yi barci. In aka tashe shi a hankali zai farka. In kuwa aka ci gaba da yi masa komai, bayan kujera sai gado, kuma daga gadon nan ba a cika saukowa da ƙafa ba. Ta ce ya ware wuri a gida, ba sai babba ba. Ya nemi tabarmar roba mai kauri, da benci mai ƙarfi wanda ba ya rawa, da igiyoyin roba masu talewa, da ƙananan ƙarafan hannu. Ya fara da kaɗan, amma kullum. Ta sauka ƙasa da kanta ta nuna masa yadda ake tashi: a juya gefe, a yi rarrafe, a kafa ƙafa ɗaya, a dafa benci, a miƙe. Duk muka gyaɗa kai. Mu mutane ne masu gyaɗa kai a gaban likita.

Daga nan muka wuce shagon kayan motsa jiki. Mai shagon wani ƙato ne da ya sa rigar ƙanensa don a ga ƙwanjinsa. Yana ganin motar da muka fito daga ciki ya fara murmushi har kunne. Manaja ya faɗa masa abin da aka ce a saya. Mutumin ya kawo, tsakani da Allah: ga tabarma, ga robobi, ga wasu 'yan ƙarafa masu launin hoda, kowanne bai fi sabulun wanki nauyi ba.

Auta ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ya ce, “Wannan na wa ne? Na jikata?”

Mai shago ya ce, “Da shi ake farawa, ranka ya daɗe.”

“Ni? Ka san ko ni wane ne? Buhu biyu nake ɗauka a tashi ɗaya!”

Na ce, “Kake ɗauka ko ka taɓa ɗauka? Lokacin da kake ɗaukar buhu biyu ni ma samari na layi a ƙofar gidanmu. Ka ga ko ɗaya yanzu?”

Bai kula ni ba. Ya hango wata doguwar sandar ƙarfe mai fayafayai kamar tayoyin baro, ya ce ita yake so. Shi kuwa Manaja hankalinsa na wani wuri. Yana bin injuna ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: “Wannan zai wahalar da Baba?” Duk wanda aka ce zai sa gumi, sai ya yamutsa fuska ya wuce. Da aka nuna masa wani da ake ɗaura wa mutum ɗamara a ciki, a kunna, shi injin ya yi ta girgiza tumbin mutum yana tsaye, sai fuskarsa ta washe. Da aka nuna masa kujerar tausa kuwa, saura kaɗan ya rungume mai shago. Aka ƙara da injin gudu, da keken nan da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, don kada mutane su ce Mai Siminti ya yi ƙaranta. Tabarma da robobi da 'yan ƙarafan hoda, mai shago ne ya jefa su a mota a matsayin gyara. Benci kuwa, Manaja ya ce Baba ba zai zauna a kan katako kamar mai jiran mota ba.

Ɗakin da aka ware shi ne na kusa da falo, inda dā ake jibge tsofaffin katifu da akwatunan da ba wanda ya san abin da ke ciki. Aka kwashe, aka yi fenti, aka manna madubi bango guda. Hajiya Sannu ta sa aka shimfiɗa kafet mai laushi wanda ƙafa ke nitsewa a ciki, aka kafa na'urar sanyaya ɗaki don kada Alhaji ya yi gumi, aka shigo da ƙaramin firji don kada ya ji ƙishi. Sai aka ga ai masu zuwa gaishe shi suna bukatar wurin zama, aka shigo da doguwar kujera. Da aka ga masu zaman za su gaji da shiru, aka rataye talabijin. Na leƙa na ce wannan ɗakin amarya kaɗai ya rage a kawo.

Unguwa kuwa ta yi ta zuwa ganin kaya. Maƙwabta, abokan kasuwa, dangin Hajiya. Kowa ya shigo ya shafa injin gudu ya ce Allah ya sanya alheri, ya hau kujerar tausa ya lumshe ido, a ba shi lemo. Akwai wani maƙwabcinsu da ya warke daga ciwon baya a ɗakin nan. Ban da Auta, kowa ya amfana.

Kada a ce bai gwada ba. Ya gwada. Ina wurin da safen da ya fara. Da farko dai gajeren wando ya gagara, domin matar Manaja na gidan, kuma suruki ba ya yawo da gwiwa a waje. Saboda haka ya shigo cikin doguwar riga da hula, yana ƙamshin turare, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya nufi keke, direba ya riga shi hawa.

“Bari in ɗan sassauta maka shi, Maigida, sabo ne, yana da tauri.”

Direba ya yi ta tuƙi har ya jiƙe sharkaf, Auta na tsaye yana kallo. Da ya sauko aka goge sirdi, aka kama Auta aka ɗora, ya juya ƙafa bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba, ya ɗan yi nishi.

“Sannu, Alhaji! Sannu! Ya isa haka, ba a rana ɗaya ake yi ba.”

Hajiya Sannu ta goge masa gumin da bai fito ba. Ya sauko ya sunkuya zai kama sandar ƙarfen nan tasa, Manaja ya yi tsalle ya kama gefe ɗaya, direba ya kama ɗayan, suka ɗaga masa ita sama suka sauke, shi kuma ya ɗora tafin hannu a tsakiya kamar mai sa wa ƙarfe albarka.

Manaja ya ce, “Ma sha Allah, Baba, ƙarfin yana nan!”

Na ce, “Yana nan mana, ga shi can a jikin direba.”

Haka aka yi ta yi. Direba ya rame, ya yi kyau, har matarsa ta aiko da godiya. Auta kuwa kullum a ɗaura masa ɗamara a girgiza masa tumbi, ya koma kujerar tausa ya yi barci.

Ranar da abin ya ɓaci, ya faki idonsu ne bayan la'asar ya shiga shi kaɗai ya hau injin gudu. Bai san maɓallan ba, don ba a taɓa bari ya danna da kansa ba. Ya danna wanda ya fi girma. Injin ya ɗauka da gudu, ya cafke bakin doguwar rigar, ya naɗe, ya zaunar da Mai Siminti a ƙasa daɓas, hula ta yi nata wuri. Bai ji ciwo ba, sai a zuciya. Amma ya kasa tashi. Yana nan zaune a gaban madubin nan bango guda, yana kallon kansa, har Hajiya Sannu ta shigo ta ƙwalla ƙara.

A ranar aka yanke hukunci. Manaja ya zare wayoyin injuna, Hajiya ta rufe ɗakin ta ce ba da ita ba, gara a zauna lafiya. Don a faranta masa rai, Manaja ya canja masa kujerar masallaci, ya sayo mai hannu da katifa.

Bayan 'yan kwanaki Auta ya kira ni a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai kiran budurwa.

“Yaya, ki zo. Duk gidan nan ba wanda ya raina ni. Ina bukatar wanda ya raina ni.”

Na ce, “Ka kira inda ya dace.”

Na ɗaure kayana na tare a gidan. Na karɓi makulli a hannun Hajiya Sannu, ba ta iya hana ni ba, don ni yayar miji ce, kuma ladabin nan nata da ya nakasa ƙanena ya yi mini rana. Na sa direba ya fitar da doguwar kujera da firji da talabijin, ya naɗe kafet, ya tura injuna jikin bango. Kujerar tausa na ce a kai ɗakin da aka sauke ni, don in sa mata ido. Na aika shago aka kawo tsohon bencin da ma'aikata ke zama a kai, na katako, mai nauyi, duk ƙurar siminti. Tabarmar roba da 'yan ƙarafan hoda muka same su a bayan ƙofa, ko ledarsu ba a cire ba. Na sa aka kira mai gashin ƙashi a waya, ta sake faɗa mana abin da za a fara da shi: zama a benci da tashi, jan roba, ɗaga ƙarafan. Ta ce in ya ji jiri ko ciwon ƙirji a tsaya a kira ta, amma nishi da ƙorafi ba ciwo ba ne. Na ce wannan matar da a gidanmu aka haife ta.

Sannan na tura Auta ciki, na bi shi, na murɗa makulli, na ɗaure shi a bakin zanina.

Na ce, “Cire rigar.”

“Yaya, haba.”

“Me za ka ɓoye mini? Akwai abin da ban gani ba?”

Ya cire. Ya tsaya daga shi sai singileti da gajeren wando, ƙafafu kamar sandar rake an ɗora musu randa. Muka fara. Ya zauna a benci, ya tashi da ƙyar, ya zauna, ya tashi, yana zagin wanda ya ƙirƙiro gwiwa a hankali yana istigfari. Ya ɗaga ƙarafan jikarsa, kafin a jima ya fara haki. Gumi na gaske ya fito, wanda rabonsa da shi tun kafin a haifi Manaja. A waje kuwa ana ta safa da marwa a bakin ƙofa. Duk nishin da ya yi sai mu ji “Sannu, Alhaji!” ta ramin makulli.

Kullum da hantsi haka muke yi. Yakan fito yana ɗingishi, a tare shi da tawul da matashi kamar wanda ya dawo daga yaƙi, a riƙa hararata ta gefen ido. Manaja ya daina gaishe ni da fara'a. Ban damu ba, fara'arsa ba ta taɓa ƙosar da ni ba.

Da na ga ya fara tashi daga benci ba tare da dafa cinya ba, muka tambayi mai gashin ƙashi, ta ce a gwada ƙasa. Ya dafa benci ya sauka a kan tabarma a hankali. Sauka ba wuya, ko buhu ya iya. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya shafa tabarmar, ya yi dariya kamar yaro.

Na ce, “To, tashi.”

Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Dariya ta ɗauke. Ya miƙo mini hannu.

“Yaya, kama ni.”

Na naɗe hannuwana a ƙirji. “Ni da ƙugun nan nawa? So kake mu zube mu biyu a rasa mai buɗe ƙofa?”

“Don Allah, Yaya. Yau kaɗai.”

“Yau kaɗai ɗin nan ce ta kai ka kujera.”

Ya ɗaga murya. “Ki kama ni na ce!”

Nan fa ƙofa ta ɗauki duka. Hajiya Sannu na kuka, Manaja na jijjiga mariƙi.

“Gwaggo, ki buɗe! Me ya sami Baba?”

Na ce, “Ba abin da ya same shi, zaune yake.”

“A ina?”

“A ƙasa, inda mutane ke zama.”

“Innalillahi! Gwaggo, wallahi zan ɓalle ƙofar nan!”

“Ɓalle, ta ubanka ce. Amma ka sani yana jingine da ita, in ka bankaɗo a kansa za ta faɗo.”

Ƙarya nake yi, yana can tsakiyar ɗaki, amma dukan ya tsaya. Hajiya ta sa baki a ramin makulli. “Yaya, ki ji tsoron Allah, mutumin nan ba yaro ba ne.”

“Ai shi ya sa. Yaro ma da kansa yake tashi.”

Ba zan ɓoye ba, kallonsa a haka ba daɗi. Mutumin da ya ciyar da rabin danginmu yana zaune yana haki, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana kallona kamar ya shaƙe ni. Na duba fuskarsa da kyau, ba jiri, ba ya dafe ƙirji, fushi ne kawai da kunya. Su kuwa ba sa kisa.

Na ce, “Me matar nan ta ce a fara yi?”

Ya kau da kai.

“Auta, da kai nake. Ko kunnen ma sai an riƙe maka?”

Ya ce ciki-ciki, “A juya gefe.”

“To me kake jira, a kawo maka direba ya sassauta maka gefen?”

Ya juya. Ya kafa tafin hannu biyu, ya ɗago ƙugu, ya tsaya a kan gwiwa da hannu. Ya hango kansa a madubi.

“Yaya, rarrafe fa nake yi. Da furfurata.”

“Na taɓa gani. Wancan karon ma ka fi haka ƙyuya, sai da na riƙa ja maka kwano.”

Ya rarrafa ya isa benci, ya ɗora hannu. Ya jawo ƙafar dama zai kafa, ta zame. Ya zagi ƙafar. Ya sake jawowa da hannunsa, ya kafa ta. Ya tsaya a haka yana numfashi, jijiyar wuyansa ta fito, cinyar na kakkarwa kamar ɗamarar nan ce aka ɗaura mata. Ya yi wani irin gurnani da na sani, wanda yake yi a layin masu kayan gini in zai ɗaga buhu. Gindi ya fara tashi, kamar raƙumi, sannan sauran jikin ya biyo. Ya miƙe.

Ya tsaya yana layi, bai saki bencin da ido ba. Ni kuwa na goge ido da bakin mayafi, ina jin ƙurar bencin ce.

Da ya sami numfashi ya ce, “Ke fa? Sauko ki gwada mana, mu gani.”

Na ce, “Ni babba ce, ka ji kunyata.”

Na buɗe ƙofa. Suka afko kamar ruwa ya ɓalle, suka tarar da shi tsaye a singileti. Matar Manaja ta rufe ido ta juya da gudu. Hajiya Sannu ta kama hannun dama, Manaja ya kama na hagu, za su kai shi falo. Ya tsaya cak.

Ya ce, “Ku sake ni.”

Ba su saba jin wannan daga bakinsa ba. Suka sake shi a hankali, hannuwansu na shawagi a gefensa ko zai faɗi. Bai faɗi ba. Ya sunkuya ya ɗauki rigarsa da kansa, abin da ya sa Hajiya ta fashe da sabon kuka.

Ba a ranar aka gama ba. Washegari ya kasa, ya yi fushi ya ƙi yi mini magana har yamma. Jibi ya iya. Akwai ranar da gwiwa ta kumbura muka huta bisa umarnin mai gashin ƙashi. Da 'yan ƙarafan hoda suka yi masa sauƙi, Manaja ya je ya sayo waɗanda suka ɗan fi su, baƙaƙe, don mutunci. Aiki mafi wuya ba a jikin Auta yake ba, a jikin matarsa yake. Na zaunar da ita na ce, “Kin ga, son da kike yi masa ba wanda ya ce ki rage. Hannunki kawai za ki riƙe.” Ta ce ba za ta iya ba, hannun da kansa yake tafiya. Na ce to ki zauna a kansa.

Ranar da zan koma gidana, azahar ta yi ana ruwan sama, bai fita masallaci ba. Ya fito falo da alwala, ya ɗauki sallaya ya shimfiɗa a kan tayil, nesa da bango, nesa da kujera. Ya ta da kabbara. Manaja na tsaye a bakin ƙofa, ya cusa hannu biyu a aljihu har yana neman yaga su. Hajiya Sannu na kan kujera kusa da ni, ta zauna a kan tafukan hannunta da gaske, tana cizon bakin mayafi.

Ya yi ruku'u, ya ɗago, ya sauka. Gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Ya kai goshi ƙasa, ya daɗe a can, har Manaja ya ɗaga ƙafa zai matso, uwarsa ta girgiza masa kai. Da lokacin tashi ya yi, ya kafa hannu, ya kafa ƙafa, gwiwa ta yi ƙara har muna ji, ya yi nishi, ya miƙe. Haka ya yi ta yi har ya kai ƙarshe, kowane tashi da nasa nishin, ba wanda ya taɓa shi.

Ya yi sallama, ya zauna a wurin, ya shafa goshinsa, ya duba yatsunsa. Ya juyo ya kalli matarsa.

“Hajiya, wai yaushe rabon da a share ƙarƙashin kujerun nan? Daga nan ƙasa ina hango ƙura har da takalmin wani.”